Siririn Shafe a Kan Gilashi: Inda Wutar Fano Ke Ɓacewa Kafin Ta Fito

Tun watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, fano, wato farantin sola, ya tashi daga kayan masu hali ya koma kayan buƙata a Yamai. Wutar da ke tsallako iyaka ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ke rabawa a lokacin, saboda haka da ta ɗauke, tela da mai ƙanƙara da mai cajin waya duk suka nufi kasuwa. Ciniki ya buɗe, kowa kuma ya zama gwani. A ɗaga fano a ji nauyinsa, a ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, a juya bayansa a karanta wat nawa aka rubuta, sai a shiga tayi. Babu ɗaya cikin waɗannan gwaje-gwaje da ya taɓa wurin da wutar ke fitowa. Gilashi da alminiyam kariya ce kawai. Aikin kansa a cikin wata shimfiɗa yake gudana, wadda a wasu nau'o'in fano ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa.

A dunƙule fano iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani, mai murabba'ai shuɗaye ko baƙaƙe da siraran zaren azurfa suka ratsa. Wannan silikon ne da aka narkar a zafin da ya haura digiri 1,400, ya daskare ya zama dunƙule, aka yanka shi falle-falle, kowane falle kaurinsa kimanin mikiron 130 zuwa 180. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kaso ɗaya shi ne mikiron. Silin gashin mutum kimanin mikiron 70 ne. Iri na biyu ba a yanka komai. Gilashi ake ɗaukowa a shigar da shi ɗakin da aka zuƙe wa iska, a sako masa sinadari a matsayin tururi, ya kwanta a kansa shimfiɗa bisa shimfiɗa. Shi ne fano mai siririn shafe, wanda fuskarsa ke fitowa baƙa ko ruwan ƙasa, sumul, da dogayen layuka sirara idan ka matso kusa. Uku ne suka yi suna a cikinsa: silikon marar jeri, wanda ke jikin ƙaramar na'urar lissafi da wasu fitilu masu araha, haɗin kadmiyam da teluriyam da ake rubutawa CdTe, da haɗin jan ƙarfe, indiyam, galiyam da seleniyam da ake kira CIGS. Shimfiɗar da ke shan haske a CdTe mikiron 2 zuwa 4 ce, a CIGS kimanin 2, a silikon marar jeri kuwa ko rabin mikiron ba ta cika kaiwa ba.

Mai hankali zai tambaya: in mikiron 2 ya isa, me ya sa ake ɓarnar 160? Amsar tana cikin yadda kowane sinadari ke kama haske. A CdTe da CIGS, ƙwayar haske na shigowa take buge elektiron, wato ɗan ƙanƙanin abin da gudanarsa ita ce wutar lantarki, ta tayar da shi daga mazauninsa kai tsaye, don haka mikiron ɗaya na farko ya kan shanye kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da sinadarin ke iya amfani da shi. A silikon mai jeri, wato na fano iri na farko, abin ba ya yiwuwa sai ƙwayar hasken ta dace da wata girgiza ta jerin atam a daidai wannan lokaci, kuma irin wannan dacewa ba ta samuwa da wuri. Jan haske ya kan yi tafiya mai nisa a cikin silikon kafin a kama shi. Kaurin ba alamar ƙarfi ba ne, biyan bashin raunin shan haske ne.

To amma shan haske rabin aiki ne. Elektiron da ya tashi ya bar gurbi a bayansa, kuma wuta ba ta samuwa sai an raba su: shi ya bi ta fuska ɗaya, gurbin ya bi ta ɗayar. Abin da ke raba su shi ne mahaɗar shimfiɗu biyu masu hali daban, inda ake samun wani ƙarfi na lantarki da ke tura kowa gefensa. Idan elektiron ya koma cikin gurbi kafin ya isa mahaɗa, shi ke nan, ƙarfin da rana ta ba shi ya zama zafi, mita ba ta ga komai ba. A silikon mai kyau elektiron na iya daɗewa a sake har kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, wanda a duniyar atam dogon zamani ne. A CdTe na gargajiya ana lissafin ransa ne da kashi kaɗan cikin biliyan na sakan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambun albasa a Galmi ya ga wannan lissafi da idonsa. Ruwan da aka jawo daga rijiya sai ya bi magudana kafin ya kai fangali. In magudanar ta siminti ce, ta yi tsawo yadda ta ga dama, ruwan zai isa. In ta ƙasa ce mai ramuka da tsaguwa, dabarar mai lambu ɗaya ce: ya gajarta ta. Silikon mai jeri ya zaɓi siminti, wato a tace shi har ya zama a cikin atam miliyan da wuya ka sami baƙo ɗaya, a biya kuɗin wutar narkarwa, sannan a bar elektiron ya yi doguwar tafiya. Siririn shafe ya zaɓi gajarta hanya: sinadarin cike yake da aibi, amma tafiyar mikiron ɗaya ko biyu ce.

A nan ne gaba ɗayan batun yake. Akwai awo biyu da ke jan kaurin shimfiɗa, kowane zuwa gefensa. Na farko zurfin da haske ke buƙata kafin a shanye shi. Shimfiɗar ba za ta gaza wannan ba, in ba haka ba hasken ya ratsa ya wuce. Na biyu nisan da elektiron ke iya tafiya kafin ya faɗa tarko. Duk abin da aka ƙara bayan wannan nisa kuɗi ne aka zubar, har ma yana iya rage wuta, domin elektiron da aka tayar can ciki ba zai fito ba, ga kuma ƙarin turjiya a hanyar kuran, wato wutar da ke gudana. Awo na farko halittar sinadari ne, masana'anta ba ta da ta cewa sosai a kai. Na biyu kuwa yawan aibi ne ke yanke shi. Saboda haka tambayar "kauri nawa ya fi kyau" ba ta da amsa ita kaɗai. Sai an san tsabtar shafen tukuna. Masana'antu biyu na iya shafa mikiron 3 na sinadari iri ɗaya, na ɗaya ya ba da wuta mai kyau, na ɗayan ya ba da rabinta.

Aibin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma ba dukkansa ke cutarwa daidai ba. Akwai inda atam ya kamata ya zauna amma wurin fanko ne. Akwai baƙon atam da ya shigo daga gilashi ko daga ƙarfen baya. Akwai atam ɗin gida da ya zauna a mazaunin wani. Sannan shafen ba ya daskarewa a matsayin dutse guda. Ƙananan tsaba yake yi, kowace da tata fuskar jeri, kuma a iyakar da tsaba biyu suka haɗu jerin ya kan karye, a bar atam da hannu a sake babu abin riƙewa. Tun 1952 William Shockley da William Read, da kuma Robert Hall a nasa ɓangaren, suka fitar da lissafin yadda irin waɗannan wurare ke haɗa elektiron da gurbi. Abin da lissafin ya nuna shi ne, tsakanin matakin da elektiron ke zaune da matakin da yake tashi zuwa akwai tazara, kuma aibin da ya kafa tarkonsa kusa da bakin tazarar ba shi da haɗari sosai, domin ɗumin jiki kaɗai ya isa ya saki abin da ya kama. Wanda ya kafa a tsakiyar tazara shi ne mugu: ya kama elektiron, ya jira gurbi, ya haɗa su, ya sake buɗe baki. Kaɗan daga irinsa ya isa ya kashe fano.

Inda wannan ɓarna ta fi bayyana shi ne a bolt. Tazarar CdTe kusan 1.5 ce a ma'aunin masana, wadda ta yi daidai da hasken rana ƙwarai, kuma bisa iyakar da Shockley da Hans Queisser suka lissafa a 1961 sinadari irin wannan na iya mayar da kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye na ƙarfin hasken rana zuwa wuta. A ƙa'ida ƙwayar CdTe ɗaya, wato ɗan yanki guda cikin waɗanda ake jonawa su zama fano, ta kamata ta ba da fiye da bolt 1.1. A zahiri ta maƙale a wajen 0.85 shekaru da dama. Sai a 2016 masu bincike na cibiyar binciken makamashi ta NREL da Jami'ar Jihar Washington a Amurka suka haura bolt 1, kuma ba da shafe suka yi ba, da dutse guda marar iyakokin tsaba suka yi. Wannan gwaji ya nuna inda ɓarawon yake.

Labarin silikon marar jeri shi ya fi koyar da alaƙar kauri da aibi, kuma shi ya fi shafar aljihun talaka. A cikinsa atam ba su da jeri ko kaɗan, don haka hannuwan da ke sake ba su ƙirguwa. Abin da ya sa ya yi amfani shi ne haidurojin, wanda ke shiga lokacin shafawa ya riƙe waɗannan hannuwa. Kimanin kashi 10 cikin 100 na atam ɗin shafen haidurojin ne. A 1975 Walter Spear da Peter LeComber a Dundee ta Sikotilan suka nuna ana iya sarrafa halinsa na lantarki, a 1976 David Carlson da Christopher Wronski na kamfanin RCA suka yi ƙwayar sola ta farko da shi. Shekara ɗaya bayan haka, 1977, Wronski da David Staebler suka gano abin da har yau ba a rabu da shi ba: hasken da fano ke ci shi ne ke haifar masa da sabon aibi. Duk lokacin da elektiron ya koma gurbi, ƙarfin da ya saki na iya tsinka wani haɗi mai rauni, a sami sabon tarko. A watannin farko fano irin wannan ya kan rasa kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfinsa kafin ya tsaya.

Maganin da aka samu na kauri ne. In shimfiɗar ta yi siriri, ƙarfin lantarkin da ke tura elektiron ya fi tsanani a cikinta, ya fizge shi kafin tarko ya kama shi, sai raguwar ta yi sauƙi. Amma siririya ba ta shan haske sosai. Sai aka koma ɗora ƙwaya biyu ko uku sirara a kan juna, kowace ta kama nata rabon hasken. Wannan ya ƙara tsada, kuma duk da haka fano na kasuwa ya tsaya a wajen kashi 6 zuwa 8 cikin 100, alhali silikon mai jeri na yau ya haura 20. Kamfanin kirki yana rubuta wat ɗin da fano zai bayar bayan ya gama raguwa. Na banza ya rubuta na ranar farko, ko ma wanda bai taɓa bayarwa ba. A Kenya, a ƙarshen shekarun 1990, masu bincike sun bi gida-gida suna auna irin waɗannan ƙananan fano, suka tarar wasu tambura sun riƙe alkawari, wasu kuwa sun gaza nesa ba kusa ba, ga shi a ido duk kamarsu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne, manyan nasarorinsa ba daga tsarkake shafe suka zo ba, daga ƙara masa baƙon abu da gangan suka zo. CdTe da aka shafa aka bari haka nan kusan ba ya ba da wutar kirki. Sai an shafa masa gishirin kadmiyam da kulorin an gasa shi a wajen digiri 400. A nan ƙananan tsaba ke haɗewa su girma, iyakoki su ragu, kulorin kuma ya taru a iyakokin da suka rage ya toshe tarkunan. Mataki ɗaya ne, amma yana ninka ƙarfin ƙwaya sau da yawa. Daga baya aka gauraya seleniyam a gefen da haske ke shigowa, ran elektiron ya ƙaru. Da irin waɗannan gyare-gyare kamfanin First Solar na Amurka ya kai kashi 22.1 a ɗakin gwaji a 2016, sannan 23.1 a 2024.

Na CIGS ya fi ban dariya. An yi ta shafa shi a kan gilashi mai tsada, sai a farkon shekarun 1990 masu bincike a Suwidin suka lura cewa wanda aka shafa a kan gilashin taga na yau da kullum ya fi ba da wuta. Sodiyam ɗin da ke cikin gilashi mai araha ne ke ratsowa cikin shafen lokacin gashi, yana gyara shi. A silikon, sodiyam ƙazanta ce da ake gudu. A 2013 cibiyar Empa ta Suwizalan ta ƙara fotasiyam bayan shafawa ta kai kashi 20.4 a kan leda mai lanƙwasuwa, kuma Jami'ar Uppsala ta kai 23.6 shekaru goma bayan haka. Har ila yau, da gangan ake rage wa CIGS jan ƙarfe, domin guraben da ya bari aibi ne na bakin tazara, kuma su ne ke ba shafen halin lantarkin da ake so. Jan ƙarfen nan dai a CdTe wuƙa ce mai baki biyu: kaɗan daga cikinsa a bayan ƙwaya yana buɗe wa kuran hanya, amma atam ne mai yawo, zafi na sa shi ya ratsa zuwa mahaɗa a hankali ya rage wuta shekara bayan shekara. Shi ya sa ake ƙoƙarin maye shi da arsenik.

Su masana'antu kullum burinsu su ƙara sirantawa, kuma suna da dalili. Teluriyam a ɓawon ƙasa ƙarancinsa ya kusa na filatinam, ana samunsa ne a ragowar tace jan ƙarfe. Indiyam kuma a ragowar tace zinki. Rage mikiron ɗaya riba ce a kan kowane fano, ga kuma saurin injin shafawa. Amma ƙasa da mikiron ɗaya matsaloli uku ke tasowa tare. Jan haske ya fara ratsawa ba a kama shi ba, kuma ƙarfen molibdenam da ke bayan CIGS ba madubin kirki ba ne da zai maido shi. Elektiron ya fara isa fuskar baya, inda shafe ya haɗu da ƙarfe, wurin da tarko ya fi yawa. Don haka ne ake ƙara galiyam ta wajen baya a CIGS, ya zama gangare mai maido elektiron gaba. Na uku shi ne huda. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta sauka a gilashi kafin shafawa ta isa ta bar ramin da shafe bai rufe ba, ƙarfen gaba ya taɓa na baya, kuran ya sami gajeriyar hanya yana zagayawa a ciki. A shimfiɗa mai mikiron 4 irin wannan rami na iya cikewa. A mai rabin mikiron ba ya cikewa. Fano mai huda da yawa ya kan yi kamar lafiya lau da tsakar rana, amma da safe da yamma, ko ranar hazo, sai ya faɗi warwas, domin ɗan kuran da ake samu ramukan ke shanyewa.

Wannan ja-in-ja bai tsaya a shimfiɗar shan haske ba. A samanta akwai wata ta kadmiyam da farar wuta, wadda a CIGS kaurinta kimanin kashi ɗaya cikin 20 na mikiron ne. Ita ke kafa mahaɗa, amma tana cin shuɗin haske ba ta ba da komai. In ta yi kauri an rasa kuran, in ta yi siriri ta bar wurare a buɗe an rasa bolt. A samanta kuma akwai shimfiɗa mai wuce haske mai ɗaukar wuta: a ƙara ta, kuran ya gudana da sauƙi amma haske ya ragu, a rage ta, haske ya shiga amma kuran ya sha wuya.

Sabon shiga a gidan shi ne ferobskait, wanda Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwadawa a 2009 ya sami kashi 3.8, yanzu kuma ya haura 26 a ɗakin gwaji da shafen da bai wuce rabin mikiron ba sosai. Sirrinsa shi ne yawancin aibinsa na bakin tazara ne. Rauninsa kuma shi ne atam ɗinsa na yawo idan ya ji zafi da haske da laima. Duk mai karanta labarin sabon tarihi da aka kafa da shi, ya tuna ƙwayar gwajin sau da yawa ba ta kai faɗin farce ba, kuma ba a kwanon rufin Tawa a watan Afrilu aka auna ta ba.

Wat ɗin da ke bayan kowane fano an auna shi ne a digiri 25, da hasken wat 1,000 a kan murabba'in mita. A Yamai da Tawa, a bazara, iska kanta ta kan haura digiri 42, fano kuma ya kai 65 ko fiye. Silikon mai jeri na da ya kan rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri, CdTe kimanin 0.3. A digiri 65 ke nan na farko ya rasa kashi 16, na biyu 12. Wannan ne tushen maganar da dillalai ke yi cewa siririn shafe ya fi jure zafi. Gaskiya ce, amma tazarar kashi 4 ce, kuma sababbin nau'o'in silikon sun riga sun sauko wajen 0.3 su ma. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, aibi da zafi abokan juna ne: ƙwayar da tarkuna suka riga suka rage wa bolt ita ce ke rasa kaso mafi girma idan ta yi zafi. Fano marar kyau ya fi muni a nan fiye da yadda zai yi a Jamus. Silikon marar jeri ne kaɗai ke da ɗan sassauci, domin zafi na warkar da wani ɓangare na aibin da haske ya haifar. A ɗakin gwaji gashi a wajen digiri 150 na maido shi kusan yadda yake, a kan rufi kuma zafin bazara na maido kaɗan.

A ganina wannan ne ya sa bai kamata mai gida a Yamai ya ruɗu da sunan fasaha ba. Siririn shafe bai kai kashi 5 cikin 100 na kasuwar duniya ba yanzu, kuma mai ingancinsa, wato CdTe, manyan tashoshi ake kai wa da kwangila, ba a cika tsintarsa a shago ba. Kamfanonin CIGS da dama sun durƙushe, daga Solyndra a 2011 har Solar Frontier ta Japan da ta daina ƙerawa a 2022, ba don ƙwayarsu ba ta aiki ba, sai don shafa murabba'in mita guda ba tare da aibi ba, sau miliyan, ya fi ƙarfin farashin silikon ɗin Sin. Inda tambayar ke da nauyi shi ne a manyan ayyuka irin tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a jihar Tawa a 2018, ko ta Gorou Banda mai megawat 30 da fano fiye da 55,000 da aka ƙaddamar a Yulin 2023. A irin wannan girma, bambancin kashi 3 ko 4 wutar unguwa guda ce, kuma zaɓin bai kamata ya dogara da takardar mai sayarwa ba. Nijar, ƙasar da ta kafa ONERSOL tun 1965, wato hukumar makamashin rana wadda Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, ya jagoranta daga 1969 yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da zafin rana, ba ta rasa gadon da za ta jera nau'o'in fano a fili ɗaya ta auna su shekara biyu ko uku ba. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa tana da rana kyauta.

Gwajin ƙasa da ƙasa na IEC 61215 yana sa fano cikin zafin digiri 85 da laima kashi 85 na tsawon awa 1,000, sannan a yi ta jujjuya shi tsakanin sanyin digiri 40 ƙasa da sifili da zafin 85 har sau 200. Lambar nan a bayan fano ta fi nauyinsa ma'ana, musamman ga siririn shafe, domin shimfiɗar saman CIGS ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. In laimar damina ta sami hanya ta gefen gilashi, ɓarnar daga baki take farawa ta yi ciki, a ga launi na canzawa. Wanda ya fashe kuwa, in na kadmiyam ne, kada a ƙona shi ko a bar yara su farfasa shi. A rufe tsakanin gilashi biyu ba ya cutarwa, a bola magana ta canza.

Saura ƙura, wadda mu muka fi kowa saninta. Waɗancan dogayen layuka da ke fuskar siririn shafe yanka ne da aka yi da hasken leza, wanda ya raba shafen zuwa ƙwayoyi sirara fiye da 100 a manyan fano, a jone bi da bi. Kuran ɗaya ne ke ratsa su duka, don haka in an rufe ƙwaya guda daga kai har ƙafa, an shaƙe fano gaba ɗaya. Ƙurar hunturu kuma a gefen ƙasa take taruwa, inda raɓa ko ruwan wanki ke tsayawa ya bushe. In an kafa fano layukansa a kwance, wannan datti zai rufe ƙwayar ƙasa ɗungurungum. In an kafa shi layukan na gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kowace ƙwaya ɗan guntunta kawai ta rasa. Ƙwayar da aka rufe alhali sauran na cikin rana ba hutawa take yi ba: sauran na tura mata kuran ta baya, kuran ya nemi wuri mafi rauni, wato tsohuwar huda ko aibin da ya kwanta tun daga masana'anta, ya taru a nan ya ƙona shafen ya bar tabon da ba ya gogewa. A CIGS tabon ya kan fito kamar sawun tsutsa. Inuwar sandar tsintsiya ko ta hannun yaron da aka sa wanki, in ta kwanta daidai da layi da tsakar rana, na iya jawo haka cikin ƙanƙanin lokaci. Shi ya sa wankin irin wannan fano na asuba ne ko bayan magariba, lokacin da gilashi ya huce kuma babu kuran a cikinsa.